Kwalbar da Ban Fito da Ita Ba

Saboda wannan babin na sayi littafin rubutu tun farko. Sauran da kuka karanta, na haihuwata da kiwon awaki da yadda na bar makaranta a aji huɗu bayan ni da malamin lissafi mun fahimci juna, duk share fage ne. Ku yi haƙuri da rubutun. Wanda ya ga harafi ya karkace ya tallafe shi, tsufa ne ya kama shi kamar mai shi. Abin da nake roƙo shi ne kowa a cikinku, daga babbanku da ba na kama sunansa har zuwa auta, ya karanta shi a zaune, ba a tsaye yana latsa waya ba.

Kun daɗe kuna cewa feshin maƙwabcinmu Malam Ɗahiru ne ya kwantar da Innarku. Kun ce iska ce take ɗebo maganin tumatirinsa ta zubo mana a rijiya. Kun faɗa wa matanku haka, sun faɗa wa 'ya'yanku, har yau jikokina ba sa shiga gidansa yawon sallah. Ni kuwa ina zaune ina jinku, ban taɓa cewa e ba, ban taɓa cewa a'a ba. To, yau zan ce a'a.

Shekarar da nake magana ita ce wadda muka samu wake buhu goma sha ɗaya. A shekarar da ta gabace ta an huda mana rumbu an kwashe rabin abin da ke ciki, sai na ce bana ba za a maimaita ba. Ɗakin Innarku shi ne mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, tagarsa ɗaya, ita ma ba ta fi faifai ba. Na sa aka jera buhunan a can, daga ƙafar gadonta har jikin bango. Na tsaya a bakin ƙofa na gyara murya na ce na naɗa ta ma'ajin gidan nan. Ta ce ta karɓi sarautar, amma ina rawanin? A lokacin tana suyar ƙosai kullum da safe a ƙofar gida, daga waken nan take ɗiba, ta jiƙa, ta murje da hannunta, ta kai markaɗe.

Ni kuma ina da suna guda a garin nan wanda nake ji da shi: wakena ba ya yin ƙwari. Na kowa ya huje ya zama gari kafin bazara, nawa yana nan sumul. Mutane suna tambaya, ina cewa hannu ne. Ba hannu ba ne, wata 'yar kwalba ce. Fiya-fiya, wadda ake zubawa don kuɗin cizo da kyankyasai. Ina sayenta a kasuwa wurin wani mai ɗura ta a kwalaben da aka shanye, babu takarda, babu suna. Ya ce mini murfi ɗaya a buhu, sau ɗaya tak. Ni kuwa ba na rowa, ko ga ƙwari. Nakan zuba murfi uku, duk bayan mako biyu in ƙara, in ɗaure bakin buhun, in jawo ƙofa. Kwalbar tana zama a aljihun wata tsohuwar rigata da ke rataye a bayan ƙofar turakata.

Wajen tsakiyar rani Innarku ta fara. Ta tashi da ciwon kai, sai jiri, sai zufa ba dalili. Yawu yana tarar mata a baki, ƙirjinta yana riƙewa. Daga baya hannu ya soma rawa, har ƙullun ƙosai yana zubewa gefen kasko. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka sha magani. Aka ce taifod, aka sha. Aka ce hawan jini. Na karɓo rubutu, ta sha, na yi tofi har bakina ya bushe. Da ta je birni bikin suna wurin 'yar'uwarku Binta ta yi kwana goma sha biyu, sai ga ta ta dawo garau, har ta yi ƙiba. Kwana huɗu da dawowarta ciwon ya dawo. Na ce mata ashe ni ne ciwon, in ta gaji da ni ta faɗa a fili. Ta yi dariya, amma ba ta kai ƙarshen dariyar ba tari ya karɓe. A makon ne babbanku ya zo daga birni, ya tsaya a bakin rijiya ya hango Malam Ɗahiru da injin feshi a bayansa, ya yanke hukunci shi kaɗai. Ya je har gonar mutumin ya faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba, mutumin da ya riƙe ragon sunansa.

Binta ce ta lura da zancen kwana goma sha biyun nan. Kun san tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a birni, inda ake duba abinci da ruwa. Ni ina kiranta Likitar Kwalba, don ban taɓa jin ta warkar da mutum ba. Ta iso wata Asabar da hantsi, ɗauke da 'yar kula mai ƙanƙara da wani ƙunshi a jaka. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce:

"Baba, duk wani magani da ke gidan nan, na gona, na sauro, na ɓera, na dabbobi, a fito mini da shi tsakar gida."

"Duka? To ki aika a kira mai kura."

Na yi ta jido su. Noman rani ya tara mana kwalabe da jarkoki fiye da tukwanen gidan. Da aka jera a kan tabarma, iri goma sha tara ne. Na tsaya a kansu kamar mai gabatar da 'ya'yansa ga baƙo. Wallahi a wannan lokacin fiya-fiya ba ta zo mini a rai ba. A wurina ba ta cikin sahun waɗannan. Ta saba da ni, na saba da ita, kamar gishiri.

Na ce, "To bismilla, kwashe su ki kai injinku ya tona asirin mai laifi."

"Baba, ba haka ake yi ba. Gwajin kowane ɗaya yana cin kwanaki, kuma layi ne. Da ƙyar na roƙa aka ba ni gurbi uku a wannan watan. In muka tura ukun da ba su ba, sai wani watan, kuma Inna ba ta da wata biyu na jira a wannan halin."

"Uku cikin sha tara. Ashe ku ma canki-canka kuke yi."

"Don kada mu yi canki-canka na zo."

Ni dai na riga na san mai laifi. Akwai wata kwalba mai jan wuya da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, wadda nake kullewa a akwatin ƙarfe a saman zaure. Na ɗauko ta da tsumma na ajiye a gaba, na ce ga sarkinsu, a fara da shi. Binta ta dube ta, ta karanta takardar, ta ce gaskiya ne, a cikinsu babu mai dafinta. Sannan ta tambaye ni sau nawa nake buɗe ta. Na ce sau biyu a shekara. A ina? A gona. Inna ta taɓa taɓa ta? Na ce ko inda makullin yake ba ta sani ba.

"To ta yaya ya shiga jikinta, Baba? Ba tambayar wa ya fi mugunta muke yi ba tukuna. Tambayar ita ce wa yake samun hanya zuwa wurin Inna, sau nawa, kuma ta wace ƙofa."

Sai ta ɗebo tsakuwa cikin ƙwarya daga gindin katanga. Ta ce ga ƙa'ida: duk ranar da Inna take taɓa abu a cikin mako, tsakuwa ɗaya. In tana shaƙarsa, a ƙara biyu. In yana iya kaiwa bakinta, a ƙara uku. Na ce shekara nawa aka yi ana biya mata makaranta don ta dawo tana wasan dara a tsakar gida? Ba ta kula ni ba. Ta zaunar da Innarku a inuwar darbejiya, ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. A nan na ji abubuwan da ban sani ba a gidana. Ashe duk ranar da na yi feshin ciyawa, ita take wanke rigar da hannu. Ashe tumatirin da nake kawowa daga gona washegarin feshi, shi take jajjagawa. Maganin ciyawa ya samu tsakuwa huɗu. Na tumatir, irin wanda ni da Malam Ɗahiru muke fesawa, ya samu shida. Maganin sauro na kunnawa ya samu biyar. Sarkin nawa mai ƙoƙon kai bai samu ko ɗaya ba. Na yi ta gardama har ta ajiye masa guda, ta ce ta girmamawa ce.

Bayan azahar ta kwance ƙunshin nan. Wasu 'yan katuna ne guda shida, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Ta ce waɗannan ba sa faɗin sunan magani, kuma ba kowane iri suke ji ba, dangin maganin ƙwari masu taɓa jijiya kawai suke ji, kuma alamun Inna sun yi kama da nasu. Ana ɗiga ruwan abin da ake zargi, a jira kaɗan, a ninke katin a matse a tsakanin yatsu. In ya yi shuɗi, ba a ji komai ba. In ya tsaya fari, to a nan ake tono. Ta ɗiga ruwan rijiya, shuɗi. Ta sake da wani katin don ta tabbata, shuɗi. Ku karanta wannan layin sau biyu: rijiyar da kuka yi shekaru kuna zargi, a gabana ta fita daga zargi sau biyu. Ruwan randa, shuɗi. Ruwan wankin rigata, shuɗi. Tumatir ya ba da shuɗi mai haske, ta ce akwai ɗan abu, a daina ɗiba washegarin feshi, amma ba ta ga ya kai ya kwantar da mutum haka ba. Kati ɗaya ya rage. Ta mayar da shi jaka, ta zauna tana kallon tsakuwoyin.

"Ciwon Inna ya fi waɗannan tsakuwoyin yawa. Akwai wanda bai zo taron nan ba. Inna, a ina kike kwana?"

"A ɗakina mana, ni da waken babanki."

Nan ne fiya-fiya ta faɗo mini a rai. Binta ta juyo ta dube ni.

"Baba, ana sa wa waken wani abu?"

Ga inda nake so ku san ubanku. Na tuna buhu goma sha ɗaya, abincin shekara da jarin damina. Na tuna sunan da nake da shi a gari. Na tuna babbanku ya riga ya je ya zazzage wa Malam Ɗahiru, in magana ta juyo gida da wane ido za mu fita? Duk wannan ya wuce ta kaina kafin ƙiftawar ido, sai na ji bakina yana cewa:

"Wakena? Hannu ne kawai."

Innarku ta ɗago ta dube ni. Ta sha ganina ina shiga ɗakin da rigar nan a kafaɗa. Shekara arba'in ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban ɗa ba, ba ta fara ranar ba. Binta ta zaɓi ukunta: na tumatir, na sauro, na ukun kuma na matsa mata sai da ta sa mai ƙoƙon kai. Wato gurbi ɗaya cikin uku na ran uwarku, na cinye shi don in nuna na san abin da nake yi.

Washegari da safe Binta ta yi sallama, ta ɗauki kularta ta nufi bakin titi jiran mota. Ni ina zaune a kan turmi a tsakar gida. Tabarmar jiya tana nan, ƙwaryar tsakuwa tana gefenta. Innarku ta fito daga ɗakin tana dafa bango, ta zauna gaban roba, ta tsoma hannu biyu cikin jiƙaƙƙen wake tana murzawa. Hannun yana rawa, ruwan yana fantsalowa a zanenta. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna don ta ji ko ya jiƙu, yadda take yi kullum. Ban san lokacin da na jawo ƙwaryar ba. Na ce bari in gwada wasan darar nan, ba mai ganina. Kwana nawa take taɓa shi a mako? Asabar, Lahadi, na bi su har bakwai. Tana shaƙa? Tana kwana a kai, ƙofa a rufe, taga kamar faifai. Biyu. Baki? Yanzu na gani da idona. Uku. Na buɗe tafina, tsakuwa goma sha biyu. Ninki biyu na wanda ya fi kowa jiya. Ni da na gudu daga lissafi a aji huɗu, ga shi ya biyo ni har gida ya same ni a kan turmi.

Na ce, "Tsame hannunki."

Ta tsame. Ta ce, "Motar ƙarfe tara ba ta cika da wuri. In ka yi sauri."

Na zuba tsakuwar a aljihu, na ɗauko kwalbar, na hau keke. Ban taɓa tuƙa keke haka ba tun ina saurayi, hulata ta faɗi a wajen gonar albasa ban tsaya ba. Na tarar Binta ta riga ta shiga, kular a kan cinyarta, saura mutum biyu mota ta tashi. Na tsaya a jikin taga ina haki. Sai na miƙa mata kwalbar da hannun dama, na buɗe mata tsakuwar a hagu. Ta ƙirga da ido. Ta shinshina murfin daga nesa. Na ɗauka za ta yi faɗa, kuma da ta yi da na fi jin sauƙi.

"Murfi nawa, Baba?"

"Uku."

"Sau ɗaya?"

"Duk mako biyu."

Ta ce wa direba ya yi haƙuri, ta sauko. Muka dawo a ƙasa, ina tura keken. A gida ta ɗebi wake daga buhun da ke kusa da gado, ta girgiza shi a ɗan ruwa, ta ɗiga a katin ƙarshe. Ta matse shi a yatsunta tana duba agogo. Mu uku muna tsaye a rana. Da ta buɗe, fari ne fat, kamar ba a taɓa shi ba. Ta buɗe kular, ta ciro mai ƙoƙon kai ta miƙo mini.

"Mayar da sarkinka akwati, Baba."

Ta sa waken da kwalbata a gurbinsa. A ranar ta tafi da Innarku asibiti a birni, aka ɗebi jininta. Bayan mako uku sakamakon wake ya fito, ya faɗi abin da katin ya nuna, da sunan maganin da yawansa. Na tambaye ta mutanen da suke sayen ƙosai fa? Ta ce wanki da suya suna rage shi, wanda ya ci uku ya wuce ba kamar mai kwana a kai ba ne, amma ba za a ƙara sayar wa kowa ko ɗaya ba, kuma ba za a ba dabba ba. Na haƙa rami mai zurfi a ƙarshen gonar tudu, nesa da rijiya da fadama, na binne buhu tara da rabi da suka rage. Damanar nan sai da na sayar da bijimi ɗaya. Wanda ya tambaya, na ce ƙwari ne suka ci. Kun ga, na yarda in rasa sunan mai wake, amma ban yarda a ce ni na kwantar da matata ba. Na roƙi Binta ta yi shiru, ta ce ba za ta faɗa ba, amma ba za ta yi ƙarya ba in an tambaye ta. Ba wanda ya tambaye ta, don kun riga kun samu mai laifinku.

Innarku ta warke, ta ƙara shekara shida tare da mu, Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Amma rawar hannun ba ta bar ta duka ba, kaskon ƙosai kuma bai sake hawa wuta ba. Ni nake riƙe mata kofin shayi da safe, kuna cewa tsoho ya iya soyayya. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai, ana saura 'yan watanni ta rasu, muna jin muryar Malam Ɗahiru ta bayan katanga yana kiran akuyarsa, ta ce mini, "Malam, mutumin nan yana ɗauke da kayanka. Yaushe za ka karɓa?" Na ce sai an kwana biyu. Kwana biyun ne suka kai yau.

Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na dogara sanda na shiga zaurensa. Idonsa ya yi rauni yanzu, da murya ya gane ni. Na zauna na faɗa masa komai, tun daga murfi uku har ramin gonar tudu. Na ce ya yafe mini, ya yafe wa ɗana. Ya ja carbinsa, ya ce:

"Haladu, ai na sani tun ranar da ka haƙa ramin nan."

"Wa ya faɗa maka?"

"Wa zai faɗa mini? Tun da nake, ban taɓa ganin wanda ya binne wake don ƙwari ba. Tumaki ake ba."

"To me ya hana ka magana, shekara da shekaru?"

"Matarka tana kwance. Na ce in yaran suka ji haushina, ni maƙwabci ne, za su iya kauce wa ƙofata. In suka ji haushinka, ina za su je?"

Sai hawaye suka zubo mini. Ya ce in bar kukan, tsoho da kuka ba kyan gani, ko ga wanda ba ya gani sosai.

Don haka ga abin da na bar muku. A cikin akwatina, ƙarƙashin rigunan sallah, za ku ga gwangwanin madara da tsakuwa goma sha biyu a ciki. Ba asiri ba ne, kada wani ya kira malami. Binta ta ɗauka, nata ne. Wake kuwa, kun ga yanzu a buhu mai leda biyu nake ɗaure shi, ba na zuba masa komai, kuma ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum. Sauran aikin na babbanku ne. Kada ka jira a yi arba'in ɗina, kada ka aiko da saƙo ta waya. Malam Ɗahiru yana zama a zaurensa daga hantsi har azahar. Ka cire takalminka tun daga waje, ka tafi da yaran. Ka ɗaga murya in za ka yi sallama, don ya ce har yanzu zai gane ta.